Bayanin hoto ga wanda ba ya gani: ka rubuta da kanka, ka bar wa na'ura, ko ka sa shi a fili?

Kawuna ya kai shekara bakwai ba ya gani. Hawan jinin ido ne ya riƙa cin ganin a hankali, kafin a farga aikin gama ya gama. Amma bai ajiye waya ba. In ka shiga zaurensa bayan la'asar za ka tarar ya kara ta kusa da kunne, yatsa na shafar gilashin daga hagu zuwa dama, wata murya na zuba magana da gudun da ni ban taɓa kama kalma uku a jere ba. TalkBack ke nan, manhajar karanta allo da ke cikin wayoyin Android. Kowace shafa sai ta karanta abu na gaba: sunan mai saƙo, lokaci, rubutun da ya turo. Ran nan ina zaune ta tsaya a kan wani saƙo a zauren dangi na WhatsApp, ta ce hoto ne, ba ta ƙara komai ba. A ƙasa kuwa mutane sun jero "Allah ya sanya alheri" da "Allah ya kai mu". Sai ya miƙo mini wayar.

"Kai ɗana, duba mini nan. Auren wa ake yi? Kowa na ta addu'a, ni ban ma san gidan ba."

Katin ɗaurin aure ne. Sunayen iyalai biyu, ranar, masallacin, ƙarfe nawa, lambar wanda za a kira, duk suna cikin hoton, ba a bar ko harafi ɗaya a waje ba.

Ba Kawu kaɗai ba ne. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.13 'yan shekara arba'in zuwa sama ba sa gani, kuma abin ya fi yawa a arewa maso gabas. Duk wanda ke ɗora hoto, ko mai jaridar intanet ne, ko mai tallan atamfa, ko sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, yana da hanyoyi huɗu a gabansa: ya bar na'ura ta ƙirƙiri bayani, ya rubuta da hannunsa a ɓoyayyen gurbin da ake kira alt, ya rubuta a fili inda kowa zai gani, ko ya bar gurbin fanko da gangan. Kowace tana da wurinta, sai dai ba ɗaya suke ba.

Abin da manhajar ke yi in ta iso kan hoto

Manhajar karanta allo ba ta kallon allo yadda ido ke kallo. Tana bin tsarin da ke ƙarƙashin shafin ne, tana tambayar kowane abu sunansa da aikinsa. Manyan su ne JAWS, wadda ta fito a kan Windows a 1995 kuma ta kuɗi ce, NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina tun daga 2006 kuma kyauta ce, VoiceOver ta kamfanin Apple, da ta shigo iPhone a 2009, sai TalkBack. A wajenmu waya ce kan gaba, kuma Android ta fi yawa a hannun jama'a, saboda haka TalkBack ce mai ɗorin hoto ya kamata ya fi sa wa a rai.

A shafin intanet, hoto na iya kasancewa a ɗaya daga cikin hali uku, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. In an rubuta bayani a gurbin alt, manhajar za ta karanta shi, ta kuma sanar cewa hoto ne. In an buɗe gurbin aka bar shi fanko, wato alt="", za ta tsallake hoton shiru kamar babu shi. In kuwa ba a sa gurbin ba sam, to ba ta san ko hoton na da muhimmanci ba, sai ta yi ƙoƙarin taimako, wani lokaci ta karanto sunan fayil. Na taɓa jin muryar Kawu tana tauna IMG-20240312-WA0007.jpg harafi da lamba ɗaya bayan ɗaya. Fanko da rashi abu biyu ne daban.

Gurbin nan tsoho ne, yana cikin ƙa'idar HTML, harshen da ake gina shafukan intanet da shi, tun 1995, lokacin da intanet ke tafiyar hawainiya har mutane kan kashe hotuna don shafi ya buɗe. Sharaɗin farko, mai lamba 1.1.1, a WCAG, wato ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu larura amfani da intanet na W3C, hukumar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, shi ne duk abin da ba rubutu ba ne a ba shi madadi na rubutu. Duk da haka cibiyar WebAIM ta Amurka, wadda ke duba shafukan farko na manyan gidajen intanet miliyan ɗaya a kowace shekara tun 2019, tana samun fiye da rabinsu da hotunan da ba su da bayani.

Barin na'ura ta yi

Wannan ita ce hanyar da yawancinmu ke bi ba tare da mun san mun zaɓe ta ba. Tun watan Afrilun 2016 Facebook ke laƙaba wa hotuna bayani na kai-tsaye, kuma a 2021 kamfanin ya ce manhajar tasa na gane abubuwa fiye da 1,200. Instagram ya bi sahu a 2018. Mai sauraro ma yana da nasa kayan aikin: Chrome na iya neman bayanin hoto daga Google tun 2019, iPhone na iya siffanta hoto tun 2020, TalkBack ta samu taimakon Gemini, ƙirƙirarriyar basirar Google, a 2024, ga kuma Be My Eyes, wadda ta fara da haɗa makaho da mai gani ta kiran bidiyo a 2015, daga baya ta ƙara ƙirƙirarriyar basira a 2023.

Da babu gara ba daɗi. Kuma sababbin sun yi nisa. Ka ba su hoton kasuwa su zayyana maka rumfuna da launin buhuna har ka yi mamaki. Amma dubi inda suke tsayawa. Ɗauki hoton hawan Daushe. Tsohuwar na'ura za ta ce wataƙila hoton mutane ne da doki a waje. Sabuwa za ta ce wani mutum da farin rawani a kan doki mai ado, jama'a na kewaye da shi. Duka gaskiya ne. Sai dai ba ta san wane hakimi ba ne, ba ta san wannan ne hawansa na farko bayan naɗi ba, alhali dalilin da ya sa ka ɗora hoton ke nan. Tana ganin abin da ke ciki, ba ta san me ya sa aka ɗauka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ta jin kunyar kuskure. Za ta kira shadda leshi, ta kira tuwo da miyar kuka wani abinci daban, da murya ɗaya da take faɗin gaskiya. Mai gani zai yi dariya ya wuce. Kawu ba shi da hanyar tantancewa. A katunan da ke ɗauke da rubutu kuwa, takan tsinci kalmomin, amma in rubutun na ado ne, ko an jera shi gida biyu, sai ta cakuɗa sunan dangin ango da adireshin wurin walima, ta mai da ƙ ta zama k ko wani harafi can, ta yanke sauran a tsakiya. Lamba ɗaya ta kuskure a lambar asusun banki ko a lokacin jana'iza ta isa ɓata komai.

Ni a ganina na'ura ta dace da hoton da bai ɗauki wani nauyi ba, irin na hira da abokai, ko tsohuwar ma'ajiya mai hotuna dubbai da babu mai lokacin bin su ɗaya-ɗaya. Ta kuma dace da zama daftarin farko da za ka gyara. Ba ta dace da sanarwa ba.

Rubutawa da hannu a gurbin alt

Nan ne aikin yake, nan ne kuma ribar take. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: in da ina karanta wa wani wannan shafin ta waya, me zan ce in na zo kan hoton nan? Abin da za ka faɗa, shi za ka rubuta.

Shi ya sa hoto ɗaya ba shi da bayani ɗaya. A ce hoton wata mata ce zaune gaban tulin tumatir. In labarin a kan tsadar kayan miya ne, bayanin zai zama: "Mai sayar da tumatir zaune gaban kwanduna cike, babu mai saye ko ɗaya." In labarin a kan ita matar ne da yadda ta rene 'ya'yanta da sana'ar, sai ka ambaci sunanta kamar yadda ya zo a labarin, ka ce tana murmushi, tana ƙirga canji. In kuwa hoton maɓalli ne da ake dannawa a shiga sashen farashi, to ba ruwanka da tumatir, ka rubuta "Farashin kayan gwari na wannan mako". Hoton da ke kai mutum wani wuri, inda zai kai shi ake faɗa, ba kamanninsa ba. Haka ɗan hoton madubin nan da ke gefen akwatin nema: sunansa "Nema".

Kada ka fara da "hoton wani" ko "wannan hoto ne na". Manhajar ta riga ta sanar cewa hoto ne, kai kuma ka maimaita, mai sauraro ya ji sau biyu a kan kowane hoto. Sai dai in irin hoton na da ma'ana, kamar zanen barkwanci, ko taswira, ko hoton fuskar waya da aka ɗauka a matsayin shaida. Ka sa abu mafi muhimmanci a gaba, domin da zarar ya ji abin da yake nema zai shafa ya wuce. Ka kuma rufe da aya, muryar ta ɗan numfasa kafin ta shiga abu na gaba.

Batun tsawo fa? Za ka ji ana cewa kada a wuce harafi 125. Wannan ba doka ba ce, HTML ba ta sa iyaka ba. X, wato tsohon Twitter, na ba da gurbin harafi 1,000. Abin da ke sa a taƙaita shi ne bayanin alt dunƙule ɗaya ne: babu kanu a ciki, babu jeri, babu mahaɗin da za a danna. Jimla ɗaya ko biyu sun isa yawancin hotuna. Amma mai sayar da kaya kada ta yi rowar kalma. "Atamfa mai kyau" ba bayani ba ne. "Atamfa turmi ɗaya, yadi shida, ƙasa ruwan ƙwai da manyan furanni shuɗi, gefenta da zanen ganye kore" shi ne zai sa mace mai larurar gani ta san ko za ta shiga da mayafin da take da shi. Kuma kada a ɗauka launi bai dame su ba. Da yawa sun taɓa gani, kamar Kawu, wasu kuma suna gani dishi-dishi, kuma ko wanda aka haifa da larurar ya san abin da mutane ke cewa ya dace da wane.

Masu gina shafi da manhajar WordPress su lura, akwai gurabe huɗu ga kowane hoto: na alt, na take, na rubutun ƙasan hoto, da na dogon bayani. Na farko ne manhajar ke karantawa a madadin hoton. Na sha ganin an cika gurbin take an bar na alt, ko an kwafi kanun labari an manna a duka huɗun. Akwai kuma masu cusa kalmomin nema a ciki don Google ya ɗaga shafinsu, su rubuta "labaran Hausa, labaran Kano, labaran yau, sababbin labarai" a kan hoton gadar da ruwa ya karya. Ka yi tunanin kana saurare, a karanto maka wannan sau goma a shafi guda.

Raunin wannan hanya biyu ne. Na farko, tunda a ɓoye take, ba mai duba ta. Kuskure kan shekara a wurin edita bai gani ba. X ya ɗan rage wannan da ya sa alamar ALT a kusurwar hoto a 2022, kowa na iya dannawa ya karanta. Na biyun ya fi shafar mu: bayanin yana zaune ne a shafin, ba a jikin hoton ba. Da zarar wani ya sauke hoton ya tura WhatsApp, ko ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, bayanin ya tsaya a baya. Kuma ai haka labari ke yawo a wajenmu, daga Facebook zuwa zauren unguwa, daga nan zuwa zauren dangi.

Rubutawa a fili

Saboda wannan dalili na biyu, ga duk hoton da asalinsa rubutu ne, ni wannan hanyar nake zaɓa ba tare da na tsaya shawara ba. Katin biki, sanarwar rasuwa, jadawalin sahur da buɗa-baki, takardar sanarwar gwamnati da aka ɗauka da kyamara, tallan ɗaukar ma'aikata, lambar asusun gudummawar masallaci. Ka ɗora hoton in kana so, amma ka kwafe abin da ke ciki ka sa a rubutun da ke rakiyarsa. A WhatsApp, rubutun da ake sawa a ƙasan hoto kafin a tura shi ne hanyarka, ko ka biyo da saƙo na biyu nan take.

Wannan ba makafi kaɗai take yi wa amfani ba. Wanda datarsa ta ƙare yana Facebook na kyauta, inda ba a nuna hotuna, kullum za ka gan shi a ƙasan rubutu yana cewa a yi masa bayani. Wanda ke ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Dattijuwar da ta ƙara girman haruffan wayarta, amma rubutun cikin hoto bai ƙaru ba. Wanda ke son kwafar lambar asusu maimakon ya haddace lamba goma yana komawa manhajar banki. Wanda bayan wata biyu zai nemi saƙon ta hanyar rubuta sunan ango.

Hoto mai sarƙaƙiya ma nan ne wurinsa. In ka sa zanen da ke nuna yadda farashin masara ya hau ya sauka cikin wata goma sha biyu, ba za ka iya cusa lambobi goma sha biyu a gurbin alt su yi ma'ana a kunne ba. A alt ka faɗi abin da zanen ke nunawa a jimla ɗaya, misali cewa farashi ya faɗi da kaka ya tashi da bazara, sannan ka jera lambobin a teburi na gaske a ƙasa, wanda manhajar za ta iya bi gida-gida.

Aibinta shi ne tana cin wuri, kuma masu son shafi ya yi tsaf ba sa ƙaunarta. Akwai kuma haɗarin maimaici: in ka rubuta abu a fili, kada ka sake manna shi a alt. Ka sa gajere, kamar "Katin gayyata, cikakken bayani na ƙasa."

Barin gurbin fanko

Wannan ta masu gina shafi ce. Layin ado, furen kusurwa, hoton da aka sa don kawai kada wuri ya yi fayau, ko ƙaramar alamar waya da ke gefen kalmar "Kira mu": a ba su alt="" a huta. Amma hoton da shi kaɗai ne a cikin mahaɗi ba a barinsa fanko, in ba haka ba manhajar za ta ce ga mahaɗi ba ta san inda ya nufa ba, ko ta karanto dogon adireshi.

Da Hausa ko da Turanci?

Wannan ce tambayar da na fi daɗewa a kanta. Muryar da ke wayar Kawu ta Turanci ce, kuma da ita yake sauraron Hausa. Tana murɗe kalmomi, ba ta san dogon wasali da gajere ba, ba ruwanta da karin sauti, amma kunnensa ya saba, kamar yadda ake sabawa da Hausar baƙo. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su ne ke ba ta wahala. Ya danganta da muryar da aka sa, wata ta haɗiye harafin, wata ta yanka kalmar gida biyu. Sai wani ya ce to a rubuta alt da Turanci mana, ko a cire lanƙwasar.

Ban yarda da na farko ba. Wanda ya zo shafin Hausa, Hausa ya zo ji, kuma ba kowane mai sauraro ne ke jin Turanci ba. Ɗan Maradi ko Damagaram wataƙila muryar Faransanci ce a wayarsa. Bayanin hoto ya bi harshen shafin. Na biyun kuwa, ka bi yadda ka rubuta sauran shafin. In da lanƙwasa ka rubuta labarin, to kunnen da ya jure sakin layi goma zai jure jimla ɗaya, kuma cire ta na iya haɗa kalmomi biyu su zama ɗaya: ƙafa da kafa, ɓata da bata, ɗaki da daki. Masu gina shafi su sa lang="ha" a kansa, domin da wannan alamar ce manhaja ke sanin harshen da take karantawa, ta sauya murya in akwai wadda ta dace.

Abubuwa biyu kuma da ke lalata ko da kyakkyawan bayani. Haruffan ado da ake kwafowa daga wasu manhajoji don suna ya yi kauri ko ya karkace ba haruffa ba ne na yau da kullum, alamomin lissafi ne; wata muryar ta tsallake su gaba ɗaya, wata ta bi su tana faɗin sunan kowace alama. Sai 'yan fuskokin nan na dariya da kuka: kowace tana da suna, kuma ana karanta shi.

Kafin ka yanke shawara a kan shafinka, saurare shi sau ɗaya. A Android ka shiga saituna, sashen sauƙaƙa amfani, ka kunna TalkBack. Ka sani tun yanzu cewa taɓawa ɗaya ba za ta buɗe komai ba, zaɓa kawai take yi, sai ka ƙwanƙwasa sau biyu. Gungurawa kuma da yatsu biyu ne. Ka fara koyon yadda ake kashe ta kafin ka kunna, don na ga wanda ya kai wayarsa wajen mai gyara yana rantsuwa ta lalace. Sannan ka rufe ido ka bi rubutunka na ƙarshe daga sama har ƙasa.

Ranar nan a zauren Kawu, da na gama karanta masa katin, sai na rubuta abin da ke ciki na tura zauren dangin: sunayen iyalan, Asabar, ƙarfe biyu da rabi bayan Azahar, masallacin Juma'ar unguwa. Ya shafa gilashin, muryar ta karanto da Hausarta mai gargada. Ya sake shafawa baya ya ji lokacin karo na biyu.

"To, jikar Alhajin bayan layi ce ashe. Ka zo da mota tun ƙarfe ɗaya, ka san ba na son sahun baya."